WWE 2K23 bayan 2K22: magaji ne na gaske, ko gyaran fuska kawai aka yi?

Dogon Hannu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yanzu da muke farkon 2024, tunda kamfanin 2K ya riga ya sanar cewa sabon gem ɗinsa na kokawa, WWE 2K24, zai fito a watan Maris, da hoton Cody Rhodes a bangonsa, na ga lokaci ya yi da za mu zauna mu yi wa 2K23 hisabi cikin natsuwa, domin yanzu zumuɗin sabon abu ya wuce, kuma kowa a cikinmu ya buga shi isasshen lokacin da zai iya faɗin gaskiya a kansa. Ni dai na saye shi tun fitowarsa a watan Maris na 2023, bayan na shafe shekara guda cur ina buga 2K22, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: gem ne mai kyau, amma ba sabon gem ba ne. 2K22 ne aka kammala gininsa, aka shafa masa fenti, aka cire hoton Rey Mysterio aka saka na John Cena, sannan aka nemi mu sake biyan cikakken kuɗi.

Ba ina cewa ba a ƙara komai ba. An kawo WarGames, wato faɗan ƙungiya biyu cikin keji, an faɗaɗa MyGM, sashen da kake zama manajan shirin kokawa, an canza yadda ake kuɓuta idan an danne mutum ana ƙirga uku, an kuma dawo da cikakken tsarin shirya shigowar ɗan kokawa wanda 2K22 ya zo babu shi. Sai dai idan ka riƙe hannun gem ka fara wasa tsakanin mutum biyu, wanda shi ne abin da aka fi bugawa, da wuya ka bambance su cikin minti biyar na farko. Tambayata ita ce: shin abin da aka ƙara ya kai a kira shi magaji, ko kuwa sabuntawa ce babba da ya kamata a sauke mana a kan 2K22? Ina roƙon a kawo hujja, kada a tsaya a kan cewa wane ya fi so ko wane ba ya so.

Baban Yara:

Wa alaikumus salam, Malam Dogo. Tambayarka mai kyau ce, amma ina ganin ba za a yi wa 2K23 adalci ba sai an tuna daga inda aka taso. Kamfanin Yuke's na ƙasar Japan shi ne ya riƙe wannan jerin tun daga WWF SmackDown! na shekarar 2000, ya bi shi tsawon zamanin da kamfanin THQ ke fitar da shi, ya kuma ci gaba bayan 2K ya karɓi ragama a 2013. Da suka rabu a 2019, sai aikin ya faɗo kacokan a wuyan Visual Concepts, kuma duk wanda ya taɓa WWE 2K20 ya san abin da ya biyo baya: 'yan kokawa suna nutsewa cikin dandamali, igiyoyi suna rawa su kaɗai, fuskoki suna narkewa, har ta kai ranar 1 ga Janairun 2020 gem ɗin ya riƙa rufe kansa a wasu sassa saboda kawai kwanan wata ya canza. Abin ya yi munin da aka soke 2K21 gaba ɗaya, aka fitar da Battlegrounds don cike giɓi, sai a Maris na 2022 aka dawo da 2K22.

To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi. Mutanen da suka ɗauki fiye da shekara biyu kafin su dawo da martabarsu ba za su rushe ginin bayan wata goma sha biyu don kawai a ce sun kawo sabon abu ba. A wurina babban ƙarfin 2K23 shi ne haƙurin da masu shi suka yi suka bar abin da ke aiki yadda yake, suka bi ƙorafe-ƙorafen mutane ɗaya bayan ɗaya. Ka ce da wuya a bambance su a minti biyar na farko, na yarda, amma a minti na ashirin ana bambancewa, domin gajiya tana bayyana a jikin ɗan kokawa sosai fiye da da, kuma wasa mai tsawo yana ɗaukar nauyin da ya dace da shi. Ni na fi son magajin da ya gaji gida ya toshe inda ke yoyo, a kan wanda zai tuge harsashi ya bar mu a fili.

Gimbiyar Keji:

Ina goyon bayan Baban Yara, kuma ina so in tsaya a kan WarGames, saboda Malam Dogo ya ambace shi a jere da sauran abubuwa kamar wani ƙaramin ƙari ne. Wannan nau'in wasa Dusty Rhodes ne ya ƙirƙiro shi a 1987, NXT, reshen WWE na masu tasowa, ta farfaɗo da shi a 2017, amma babu wani gem na wannan jerin da ya taɓa kawo shi sai 2K23. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dandamali biyu ne a haɗe cikin keji ɗaya, mutum biyu ke farawa, sauran suna shigowa ɗaya bayan ɗaya bayan an ɗauki lokaci, mai shigowa yana iya jawo tebur ko kujera ya shiga da su, kuma ba a fara lissafin nasara sai kowa ya shiga. Wannan yana nufin dole kwamfuta ta san yadda za ta tsallaka daga wannan dandamali zuwa wancan, ta san wanda za ta kai wa hari cikin mutum bakwai, kyamara kuma ta riƙe fili mai faɗi ninki biyu ba tare da mai wasa ya ɓace wa kansa ba. Aikin da aka yi a nan ba irin wanda ake saukewa a sabuntawa ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da ƙungiyarka take da mutum ɗaya, abokan hamayya suna da biyu. A yawancin wasannin gem ɗin, idan mutum biyu suka taru a kanka haushi kawai kake ji, amma a nan tsarin ne ya tanadi haka, kuma kana kallon agogo kana jiran ɗan'uwanka ya fito daga ƙaramin kejinsa. Wannan jiran shi ne labarin wasan, kuma ba a rubuta maka shi ba, kai ne kake cikinsa.

Na-Gefe:

'Yar'uwa, duk abin da kika faɗa haka yake, amma kin bar abu ɗaya. Gem ɗin ba ya ɗaukar fiye da mutum takwas a lokaci guda, shi ya sa WarGames ɗinsa ya tsaya a uku da uku ko huɗu da huɗu. WarGames na Survivor Series da aka yi a Boston a watan Nuwamban 2022, wanda shi ne ya sa kowa ke ɗokin wannan wasa, biyar da biyar ne: Roman Reigns, Jimmy da Jey Uso, Solo Sikoa da Sami Zayn a gefe guda, Sheamus, Butch, Ridge Holland, Drew McIntyre da Kevin Owens a ɗaya gefen. Wato wasan da aka tallata gem ɗin da ƙamshinsa ba za ka iya maimaita shi a cikinsa ba, sai ka zaɓi wanda za ka bari a gida. Ina zargin riƙe tsofaffin na'urori, PS4 da Xbox One, yana da hannu a wannan iyaka, ko da yake zato ne nawa kawai.

Dogon Hannu:

Na karɓi gyara a kan WarGames, Gimbiya, na rage masa daraja fiye da kima. Sai dai ina so ki faɗa mini tsakani da Allah: sau nawa kika buga shi bayan watan farko? Ni na buga shi sosai a makonni biyun farko, daga baya sai ya zama abin da nake ɗaukowa idan abokai sun taru. Ranakun da nake ni kaɗai kuwa, wasan mutum biyu nake komawa, kuma a can ne nake jin kamar ban canza gem ba.

Tsohon Hannu:

Malam Dogo ya taɓo inda gizo ke saƙar, don haka bari in yi magana a kan tsarin faɗan kansa, ku yi haƙuri idan na tsawaita. Na fara da WWF No Mercy na 2000 a kan Nintendo 64, wanda AKI suka yi, na zo na daɗe a kan Here Comes the Pain na 2003 a PS2. A waɗannan biyun kamu shi ne ginshiƙi. Ka kama mutum, ka zaɓi abin da za ka yi masa, shi kuma yana da damar warwarewa idan ya karanci lokacinka. Abin da 2K22 ya kawo, 2K23 kuma ya gada ba tare da ya taɓa shi ba, shi ne jerin naushi irin na gem ɗin dambe: bugu mai sauƙi, bugu mai nauyi, sannan kamu, kana haɗa su a jere. Wanda ake duka kuma, idan jerin ya fara, ba lokaci yake karanta ba, canka yake yi: dole ya danna maɓalli iri ɗaya da wanda abokin karawarsa zai danna kafin ya tsinke jerin.

Illar wannan a wurina biyu ce. Ta farko, canka ba gwaninta ba ce, musamman idan da kwamfuta kake yi, domin mutum yana da ɗabi'ar da za ka gano, ita kuwa a matakin wahala na sama sai ka ji kamar tana leƙen yatsunka. Ta biyu, wadda ta fi damuna, ita ce kowa ya koma faɗa iri ɗaya. Ɗauki Gunther, mutumin da mari ɗaya a ƙirji ya ishe shi ya tsayar da wasa, ka ɗauki Ricochet mai tashi sama, za ka tarar yatsunka abu ɗaya suke yi da su biyun: sauƙi, sauƙi, nauyi, kamu. Motsin da ke fitowa a allo ya bambanta, amma abin da hannu ke ji bai bambanta ba. A Here Comes the Pain ƙaramin ɗan kokawa in ya yi yunƙurin ɗaga Big Show sai ya kasa, ya riƙe bayansa, kuma wannan kaɗai yana tilasta maka ka canza dabara tun daga farkon wasa.

Ba na musun cewa sabon tsarin ya fi sauƙin koyo, yaro ma zai ɗauka ya yi wani abu cikin minti goma. Amma magajin da ya samu shekara guda yana jin wannan ƙorafi ya kamata ya ba mu zaɓi ko da a cikin saituna ne.

Autan Zaure:

Baba Tsohon Hannu, da girmamawa, ina ganin ƙaunar zamanin da ta ɗan rufe maka ido. Ni ban taso da No Mercy ba, amma na buga 2K19 wanda mutane da yawa ke yabo, kuma abin da na tuna shi ne ƙidayar warwarewa: kana da adadi ƙayyadadde, idan ya ƙare sai ka kwanta ana jibgarka har ya sake cika. Wasa tsakanin gwanaye biyu ya zama jiran wanda nasa zai riga ƙarewa. A 2K23 kana da tarewa, kana da kaucewa, kana da warwarewa, kana da canka, kuma ko da yaushe akwai abin da za ka gwada.

Sannan maganar zaɓi da ka yi, ai an ba da shi a wurin da ya fi muhimmanci. A 2K22 idan an danne ka, yawanci dukan maɓalli kake yi da sauri har yatsa ya gaji, wanda ya fi ƙarfin babban yatsa shi ke tashi. A 2K23 an kawo ma'auni mai tafiya, kana jira ya shigo daidai wurin sai ka ɗaga sandar dama sama, kuma wurin yana ƙanƙancewa yana motsi gwargwadon dukan da ka sha. Motsin yatsan ma ya yi kama da ɗaga kafaɗa. Ranar da na kuɓuta daga Spear na biyu na Roman Reigns, hannun alƙalin wasa ya kusa taɓa ƙasa a karo na uku, sai da na miƙe tsaye daga kujera. Wanda kuma ya fi son tsohon salon yana nan bai tafi ba. Wannan ƙaramin canji ne a takarda, amma ya canza ƙarshen kowane wasa, kuma ƙarshe shi ne abin da mutum ke tunawa.

Tsohon Hannu:

Auta, a kan ma'aunin dannewa ka yi gaskiya, ban da ja. A kan 2K19 kuwa ka manta cewa ana iya kashe ƙidayar warwarewar a saituna, kuma yawancinmu mun kashe ta tun ranar farko.

Mai Dogon Nazari:

Ina so in karkatar da zancen zuwa Showcase, sashen da ake maimaita wasannin tarihin wani ɗan kokawa, domin a can ne nake ganin ƙarfin 2K23 da rauninsa suka haɗu wuri guda. Tunanin da aka gina shi a kai ya fi na 2K22 nesa ba kusa ba. A na Rey Mysterio kai ne Rey daga farko har ƙarshe, tun daga karawarsa da Eddie Guerrero a Halloween Havoc na 1997, kuma kafin ka kai tsakiya ka haddace duk motsinsa. A na Cena an juya abin: kai ne abokin karawarsa, kuma wasannin da ya sha kaye aka tattaro. Yau kai ne Rob Van Dam a One Night Stand na 2006, gobe Kurt Angle a ranar da Cena ya fara bayyana a SmackDown a watan Yunin 2002, jibi The Rock a WrestleMania 28 ko AJ Styles a SummerSlam na 2016. Mutumin da aka shafe shekaru ana yi masa gorin cewa ba ya faɗuwa, shi ne ya zauna gaban kyamara yana ba da labarin faɗuwarsa. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai.

Aiwatarwar ce ta gaza. Salon da suke alfahari da shi, na sauyawa daga gem zuwa ainihin bidiyon wasan, yana da ban sha'awa a karo na farko da na biyu, amma daga baya za ka lura cewa duk lokacin da wasa ya kai inda ya fi daɗi, sai a karɓe shi daga hannunka a ce ka zauna ka kalla, wani lokaci na tsawon mintuna. An dusashe fuskokin alƙalan wasa da wasu mutanen da ke gefen dandamali, an cire muryar masu sharhi, an ɗora kiɗa a kai. Ku duba wasan Van Dam. Abin da ya sa ake tuna daren nan a Hammerstein Ballroom na birnin New York shi ne 'yan kallo, waɗanda suka riƙa jefo wa Cena rigarsa duk lokacin da ya wurga musu, suka yi masa ihun da ba a saba ji ba. Idan ka danne wannan hayaniya da kiɗa, me ya rage? Haka wasan Brock Lesnar na SummerSlam 2014, inda ya yi wa Cena suplex sau 16: a zahiri kisan gilla ne na gefe guda, amma a gem kana tsayawa kana buɗe jerin umarni don ka gano yadda ake yin wani kamu a wata kusurwa, Cena kuma yana ta dukanka.

Akwai kuma giɓin da kowa ya gani. Babu CM Punk a Money in the Bank na 2011 a Chicago, babu Daniel Bryan a SummerSlam na 2013, saboda dukansu suna AEW, kamfanin kokawa mai hamayya da WWE, a lokacin da ake haɗa gem ɗin. Wannan ba laifin masu haɗawa ba ne, amma tarihin faɗuwar Cena da babu daren Chicago a ciki kamar labari ne da aka yage babinsa na tsakiya. Abin da ya ba ni dariya kawai shi ne ladan ƙarshe, wato Cena marar ganuwa, hula da riga da wando suna yawo babu jiki, saboda kirarin nan nasa na cewa ba a iya ganinsa.

Gimbiyar Keji:

Malam Mai Nazari, bayaninka ya sa na gane abin da ya daɗe yana damuna ban iya furta shi ba. Kokawar WWE wasan kwaikwayo ce da mutum biyu ke haɗa kai su gina, wanda ya faɗi yana da rabo a kyawun wasan kamar wanda ya yi nasara. Gem ɗin kuwa har yanzu faɗa yake ɗaukar abin, burinka kawai ka gama da abokin karawa da wuri. Akwai taurarin da ake ba wasa a kusurwar allo, amma ba su da wani tasiri a yawancin sassa. Showcase ɗin Cena ya zo bakin ƙofar wannan tunani, tunda jigonsa shi ne faɗuwa tana da daraja, sai kuma ya ba ka ɗayan mutumin don kada ka ɗanɗani faɗuwar da kanka. Da an ce ka riƙe Cena, aikinka ka sa wasan ya ƙayatar sannan ka faɗi a lokacin da ya dace, da an kawo abin da babu wanda ya taɓa kawowa a wannan jerin.

Game da tambayarka kuma, Malam Dogo, gaskiya bayan watan farko ina buga WarGames ne kamar sau ɗaya a mako biyu, yawanci a ƙarshen wata gaba da na gina a Universe, sashen da kake tsara shirye-shiryen WWE na mako-mako da kanka. Amma ai a zahiri ma ba kowane mako ake yin sa ba.

Baban Yara:

Wurin da gem ɗin ya fahimci abin da Gimbiya ke faɗa shi ne MyGM, kuma nan ne nake ƙalubalantar Malam Dogo kai tsaye. Wannan sashe ya fara ne a SmackDown vs. Raw 2006, ya ɓace bayan na 2008, sai 2K22 ya dawo da shi a rame: wasan mutum biyu da na ƙungiya biyu kawai, kambun tsakiya babu, mutum biyu ne iyakar masu fafatawa, kuma idan makonnin da ka zaɓa suka ƙare, shi ke nan an rufe littafi. A 2K23 har mutum huɗu suna iya fafatawa, an ƙara manajoji irin su Mick Foley, Kurt Angle, Eric Bischoff, Xavier Woods da Tyler Breeze, an ƙara WCW da NXT 2.0 cikin shirye-shiryen da za ka iya riƙewa, an kawo wasan mutum uku da na mutum huɗu, an kawo kambun Intercontinental da na Amurka, kuma kaka tana bin kaka, kana riƙe wasu daga cikin 'yan kokawarka. A nan ba ruwanka da wanda ya yi nasara, abin da ke gabanka shi ne ko jama'a sun ji daɗi, ko asusu ya ƙaru, ko tauraronka ya gaji har yana neman rauni. Wanda ya buga na 2K22 ya ajiye bayan mako guda, ya zo ya shafe watanni a na 2K23, ba zai ce fenti aka shafa ba.

Na-Gefe:

An faɗaɗa shi, Baban Yara, amma lissafin da ke ƙarƙashinsa bai canza ba, kuma da zarar ka gano shi sihirin ya tafi. Ka haɗa ƙato da ɗan ƙarami mai tashi, ka haɗa mai ƙarfin tsiya da mai naushi, ɗaya na kirki ɗaya mugu, ka maimaita su har gabarsu ta kai mataki na huɗu, ka ajiye wasa mafi kyau a ƙarshe da na biyunsa a farko. Shi ke nan. Za ka iya haɗa mutum biyu da kowa ya san za su yi wasan shekara, gem ɗin ya ba su tauraro biyu saboda rukuninsu bai dace ba. Kuma duk da an ce mutum huɗu, sai kun zauna gaban na'ura ɗaya, ba a yin sa ta intanet, alhali shi ne sashen da ya fi kowane dacewa da hakan tunda bi da bi ake yi.

Autan Zaure:

Ba wanda ya ambaci MyRise, sashen labarin ɗan kokawar da ka ƙirƙira, don haka bari in faɗi kalma biyu. An raba shi gida biyu, The Lock na namiji da The Legacy na mace, kuma labarin ya fi na 2K22 tsari, inda a can kake ta karanta saƙonnin dandalin sada zumunta na ƙarya kana karɓar faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na fi son The Lock, saboda labarin mutum ne da kamfani ya ɗora masa suna da kamannin da ba ya so, kuma duk mai bin kokawa ya san wannan yana faruwa. Rauninsa shi ne yawan jiran lodi tsakanin 'yar magana da 'yar magana.

Mai Dogon Nazari:

Akwai wani abu da ya kamata ya shiga wannan hisabi, wanda bai shafi daɗin wasa ba, ya shafi abin da mutum ya mallaka idan ya saya. A farkon watan Janairun 2024 an rufe sabar 2K22, kafin gem ɗin ya cika shekara biyu. Da rufewar, wasa ta intanet ya tafi, haka kuma rumbun da jama'a ke ɗora 'yan kokawa da filaye da kambuna da suka ƙirƙira. Wannan rumbu shi ne rabin rayuwar gem ɗin, domin ta nan ne ake samun waɗanda ba sa cikin jerin, ta nan ake gyara kayan wanda ya canza kamanni bayan fitowar gem. Babu dalilin da zai sa mu ɗauka cewa 2K23 zai tsira daga irin wannan.

Ku haɗa wannan da MyFaction, sashen katuna da ake saye da kuɗin cikin gem, wanda kuma ake iya sayen kuɗin da kuɗin gaske. A 2K23 an ƙara masa fafatawa ta intanet, aka kuma riƙa zuba wasu siffofin 'yan kokawa na musamman a cikinsa waɗanda ba za ka iya ɗauka ka kai Universe ko wasan zaɓi ba. Wato an yi aikin, siffar tana cikin na'urarka, amma an kulle ta a ɗakin da aka fi son ka zauna. Idan aka rufe sabar kuma, abin da ka kashe a can ya bi ruwa. Saboda haka tambayar Malam Dogo tana da wata fuska: ko da 2K23 bai cancanci a kira shi sabon gem ba, an tsara abin ta yadda zama a kan tsohon ba zai yiwu ba ga mai son abin da jama'a ke ƙirƙira.

Tsohon Hannu:

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a zauren nan. Faifan Here Comes the Pain da ke hannuna ya haura shekara 20, kuma duk abin da ke cikinsa ranar da na saye shi yana nan. Zan ƙara da cewa a 2K23 ma ba a dawo da ƙirƙirar kamun gamawa ba, wanda aka fara a SmackDown vs. Raw 2009, ba a kuma dawo da tsara labari da kanka ba irin na 2K14, sannan Universe ya rasa tsayawa a yi magana da makirufo a 2K22 da 2K23. An kawo zaɓin abin da zai faru kafin wasa ko bayansa tsakanin abokan gaba, kuma na ji daɗinsa, amma gabar da babu baki a cikinta rabin gaba ce. Na sa rai AEW: Fight Forever da Yuke's suka haɗa, wanda ya fito a watan Yunin 2023, zai matsa musu lamba, tunda ya bi sawun No Mercy, sai ya zo da kamu mai daɗi amma babu abin da zai riƙe mutum bayan mako biyu.

Dogon Hannu:

Na gode muku gaba ɗaya. Na janye kalmar fenti a kan abu uku: WarGames, ma'aunin dannewa da Auta ya kare, da MyGM, ko da yake ina tare da Na-Gefe cewa lissafinsa a fili yake. Ban janye ba a kan tsarin faɗa da Showcase, kuma maganar sabar da Malam Mai Nazari ya kawo ta sa na fasa niyyar da nake da ita ta tsallake 2K24 in zauna a kan wannan har shekara mai zuwa, sai dai zan jira wata biyu bayan fitowarsa in ga abin da sabuntawar farko za ta gyara da abin da za ta ɓata. Kafin nan zan sauke duk 'yan kokawar da nake so daga rumbun 2K23 in ajiye.

Baba Tsohon Hannu, ka ce kwamfuta tana yawan tsinke maka jeri a mataki na sama. Ka taɓa rage mata yawan warwarewa a saituna? Ni na rage na naushi da na kamu, na bar na kamun gamawa yadda yake, kuma wasannin sun fi tafiya daidai.

Tsohon Hannu:

Na rage na kamu kawai, ban taɓa na naushi ba. Turo mini lambobin da ka saka, zan gwada su da Gunther da Sheamus a daren yau, in dawo in faɗa maka ko marin ya fara jin nauyinsa.